Karayar ƙugu ba ta mai ɗori ba ce, kuma dubiya ba jinya ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, don Allah a ɗan sam min fili a wannan jarida. Yau kwanana 23 a asibiti a Kano ina jinyar mahaifina, a waya nake buga wasiƙar nan ina zaune kan tabarma a gefen gadonsa, in an ga kuskure ai min afuwa.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Baba ya haura 75 amma har daminar bana shi ke zagaya gonarsa da kansa. Ranar da abin ya faru ya fito alwalar asuba, akwai gansakuka a bakin rariya inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, santsi ya kwashe shi ya faɗi ta ɓarin dama, irin faɗuwar da in yaro ne zai tashi ya kaɗe rigarsa ya wuce. Inna ce ta ji salatinsa. Da muka ɗauke shi zuwa ɗaki na lura ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, tafin kuma ya juya waje ya kwanta, ko motsa ta ba ya iyawa. Ni malamin firamare ne, ban san me hakan ke nufi ba, Kawu yace gocewa ce a kira mai ɗori, aka kira.

Ba zagin masu ɗori na zo yi ba, ni kaina hannuna na hagu mai ɗori ne ya gyara shi ina yaro. Mutumin ya zo ya ja ƙafar, Baba da ban taɓa jin kukansa ba sai da ya yi ƙara, aka shafa man shanu aka ɗaure aka ce kar ya motsa. Kwana 9 mukai a haka. Abinci ya daina shiga, zazzaɓi ya zo, da muka juya shi za mu canza shimfiɗa sai ga gyambo a ƙasan bayansa fata ta saɓule. Ranar na ce ko wa zai yi fushi sai dai ya yi, na ɗauko mota.

Da akai hoto likita ya ɗaga shi saitin fitila ya nuna min. Yace kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake, yana zaune cikin wani gurbi a ƙugu, kuma akwai ɗan siririn wuya da ya haɗa ƙwallon da sauran ƙashin, to nan wuyan ne ya karye. Jijiyoyin da ke kai wa ƙwallon jini ta jikin wuyan suke bi, in ya karye ya goce jini ya yanke, ko shekara za ai ana ɗaure da wuya ya haɗe. Ga shi can cikin tsoka, ba inda za a kafa kara a ɗaure kamar hannu ko ƙwauri. Yace irin wannan karayar so ake a yi aiki cikin kwana 1 zuwa 2, don kwanciyar tana kashe tsoho fiye da karayar kanta: gyambo, ciwon huhu, jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Bai yi min faɗa ba, amma da ya tambayi kwana nawa na ce 9, shirun da ya yi ya ishe ni. Sai da aka yi maganin zazzaɓin, ni da ƙanena muka ba da jini, sannan aka shiga da shi tiyata aka cire kan ƙashin aka sa na ƙarfe.

Mu nan Kano da Jigawa ma muna da gata, asibitin ƙashi na Dala tun 1959 yake nan, irinsa ne a Igbobi ta Legas da kuma Enugu. Abin da ya fi hana mu zuwa shi ne tsoron nan na wai in ka je asibiti yanke ƙafa za ai, sai kuma kuɗi. Kuɗin kam gaskiya ne, sai da muka kai san huɗar Baba kasuwar Gujungu muka haɗa da riɗin da na ajiye, har yau ban gaya mai an sai da san ba.

To amma abin da ya sa na ɗauko waya na ce sai na rubuto shi ne maganar jinya. Mu Hausawa wallahi mun iya dubiya. Ranar Lahadi mota guda aka ciko daga garinmu, kuloli na tuwo da fura da lemo, aka kewaye gado, sannu Malam, Allah ya sa kaffara ne, wata gwaggonmu har da kuka, wani na ba da labarin wane da ya yi irin wannan karayar bai tashi ba, a gaban mara lafiyar fa. La'asar na yi kowa ya kama hanya, an sauke nauyi. Na gode musu har zuciya, zumunci ne. Sai dai cikin mutum kusan ashirin ba wanda ya ce kai je ka runtsa ni zan kwana yau. Mu takwas Baba ya haifa, a waya kowa na da shawara, wani ma daga Abuja yake tambaya ta me ya sa ba a canza asibiti ba.

Jinya ita ce ƙarfe biyun dare. Kafin aiki duk bayan awa 2 sai an gyara masa kwanciya saboda gyambon, nas ta koya min yadda zan tallafe shi in sa filo tsakanin ƙafafunsa, in duba dunduniya da ƙasan baya ko sun yi ja, in tabbata zanin gado a bushe yake ba tattara. Na sa ƙararrawa a waya. Dare biyu bayan aiki Baba ya rikice, yana kiran yayansa da ya rasu tun ina ƙarami, yana ƙoƙarin sauka daga gado wai awaki sun shiga gona, ya fizge robar ƙarin ruwa. Wani mai jinya a gadon kusa yace iska ce a nemo mai ruƙiyya. Likita yace ruɗewa ce da kan samu tsofaffi bayan tiyata, saboda ciwo da rashin barci da baƙon wuri, wani lokacin ƙarancin ruwa a jiki ko wata cuta, yace in zauna inda zai riƙa ganin fuskata in riƙa gaya mai inda muke da ko wace rana ce. Addu'a mun yi, carbinsa na sa masa a hannu, na kunna masa rediyonsa ƙasa-ƙasa, a kwana na uku ya dawo hayyacinsa.

Wanda ya fi taɓa ni ban ma gane shi da wuri ba. Na ga Baba in na miƙa ruwa sai ya ɗan jiƙa leɓe ya ture, tuwo loma biyu yace ya ƙoshi. Nas ce ta ga fitsarinsa ya yi ja kamar shayi ta ja ni gefe tace mahaifinka kunya yake ji, ba ya son ya ci ya sha don kar ɗansa ya sa masa tasa ya wanke shi. Mutumin da ko hularsa ban taɓa gani ya cire a zaure ba. Na rasa ta inda zan fara, ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya faɗa. Da dare na ja labule na ce Baba, sau nawa ka ɗauke ni a kafaɗa na ɓata maka riga? Bai ce komai ba, ya juyar da kai bango. Can sai yace miƙo kofin. Tun daga ranar in zan gyara shi ina rufa masa zani, ba na kallon fuskarsa, in ta ba shi labarin farashin gero har mu gama.

Masu gashin ƙashi kuwa washegarin aiki suka zo wai a zaunar da shi, kwana kaɗan kuma a miƙar da shi da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dafawa. Inna da ta ji a waya tace rashin imani ne, mutum da ɗinki ɗanye. Ni ma da farko tausayi ya sa in sun tafi sai in ce Baba huta abinka. Ashe tausayin nan cuta ne, tsokar tsoho in ta kwanta mako ɗaya sai ta saki. Yanzu yana kaiwa ƙofar ɗaki ya dawo, yana yi yana mita. Abinci ma an ce a dage da ƙwai da wake da kifi da nono da zogale, ba kunu da lemon kwalba kullum ba.

An gargaɗe mu kan komawa gida: ban da tsuguno, ban da zama a tabarma ko kujera 'yar tsugunno, ban da harɗe ƙafa, aƙalla na wasu makonni har likita ya ba da izini. Edita ka duba gidan ƙauye, masai na tsuguno ne, cin abinci a ƙasa, kwana a katifa a ƙasa, alwala a tsugune. Sallah ce ta fi damunsa, sai da limamin garinmu ya kira shi ya tuna masa hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari, ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe, sannan ya yarda da kujera.

Roƙona ga jaridarku, ance dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2022 ta yi tanadin asusu don masu rauni har da tsofaffi, kuma Jigawa da Kano kowacce na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Don Allah ku tura wakilinku ya yi mana bayani da Hausa dalla-dalla, ina manomi zai je ya yi wa iyayensa rajista, kuma ko aikin ƙashi na ciki. Masu wa'azi su ma in ana maganar biyayya ga iyaye a riƙa ambaton rabon kwana a asibiti.

Ana sa ran sallamar mu ranar Alhamis. Na aika wa ƙanena ya kankare gansakukar nan ya zuba yashi, ya sa kafinta ya huda kujerar katako a ɗora kan masai, a kuma aro gadon Kawu. Maganar san ce dai har yanzu ban san yadda zan faɗa mai ba, jiya ma sai da ya tambaye ni ko ana ba shi harawa.

Naku,
Wani malamin firamare daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.