Dukan da yara ke zuwa da shi daga gida

Ranka ya daɗe Edita,

Rahotonku kan faɗace-faɗacen ɗaliban sakandare a Sakkwato ya sosa mini rai, don ni malami ne. Bulala ba za ta kashe wannan wutar ba. A zangon da ya wuce na tarar da ɗan aji shida yana zabgar ƙaramin yaro da bel kan bokitin ruwa. Da muka shiga ofis, sai ga shatin dorina a wuyan babban yaron. Mahaifinsa ne ya yi masa.

Tun 2021 jiharmu ke da dokar kare yara. Ina roƙon Ma'aikatar Ilimi ta sa malamin ba da shawara a kowace makaranta, a riƙa gayyato iyayen irin wannan yaro, a zauna da su gaban limamin unguwa.

Wani malami,
Mabera, Sakkwato