Zuwa ga Sani, kan rigar nan taka mai komawa tanti

Sani, bayan gaisuwa, muna lahiya. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na ga hotunan da ka turo ma Hadiza a WhatsApp, rigar da ake zuge zip ta baje ta koma tanti. Dabarar yanka kowane ƙyalle girma ɗaya, ta yadda in mutum huɗu suka haɗa nasu sai rumfa guda ta tashi, wallahi ta burge ni, kuma ka san ban cika yabon ɗinkin kowa ba. Ka ce wasu ɗalibai a Landan sun yi irinta a 2016 da yadin Tyvek don 'yan gudun hijirar Siriya. To su sanyi suke tsoro, kai kuwa Maradi za ka kawo ta, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, wa zai kwana cikin abu kamar leda? Zip kuma ƙurar hunturu na shiga haƙoransa ya cije, shi aka fi kawo mini gyara a shago. Sa igiya da maɓalli, abin da mace za ta gyara da allurarta. Ruwa ta bakin ɗinki yake shiga, ninka shi ka bi sau biyu.

Amma ba zip ne ya hana ni barci ba. Kawunka ya ce in an yi hutu Madarunfa za ka sauka, ka wuce ƙauyukan bakin iyaka ka kwana a daji wai gwaji. Sani kana da hankali kuwa? Mutanen da kake ma wannan ɗinki, me ya koro su daga Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2019? Ba don tsaro HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ɗauke su daga bakin iyaka ta kai su Garin Kaka da Cadakori ba? Kai da kwamfuta da waya mai tsada da gilashin 'yan boko za ka je ka shimfiɗa riga inda 'yan bindiga ke yawo da babura, in suka ɗauke ka me zan sayar na fansa, keken ɗinki? Ban yarda ba, ban lamunce ba, kuma kada in ji ka bi ta wurin Innarka don ka san zuciyarta.

Za ka ce na cika takura, haka ka ce lokacin tafiyarka Lome, amma wa ya saki gonar Tibiri don ka tafi?

Allah shi yi maka albarka, aikinka na taimako ne, na sani. Ka taho da ita gida da damina mu kafa ta a tsakar gida, ruwan Agusta ya ishe ta gwaji. In masu ita kake son ji daga bakinsu, ni zan raka ka Cadakori da rana mu dawo kafin magariba. Ka taho da ragowar yadin, ina so in taɓa shi da hannuna.

Babanka