Koci, hana yaro ruwa ba zaburarwa ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan abin da wasu masu horar da yara 'yan wasa ke kira zaburarwa.

Ɗana shekararsa 12, shi ne mai tsaron gida a ƙungiyarsu. Makon jiya aka ci su uku da nema. Washegari kocin ya tara su da tsakar rana, ya tuntsurar da jarkar ruwansu suna kallo, ya ce wanda aka ɗura wa ƙwallo uku bai cancanci ruwa ba. Daga nan sai tsallen kwaɗo daga raga zuwa raga, har wani yaro ya yi amai. Nawa kuwa, aka tsayar da shi a tsakiya, kowa ya zo ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Bai gaya mini ba. Ni na lura ya kasa tsugunawa ya ɗaure igiyar takalminsa, sai da na matsa masa sannan ya ce, "Baba, don Allah kada ka je, ajiye ni zai yi a benci."

Wannan maganar ta fi tsallen kwaɗon tayar mini da hankali. Yaron da ya koyi ɓoye ciwo don kada ya rasa gurbi, ranar da jiri ya ɗebe shi ko kansa ya bugu, shiru zai yi.

Kuma abin yana kai wa ga rai. A 2008, a jihar Kentaki ta Amurka, yaro ɗan shekara 15 ya yanke jiki ya faɗi bayan kocinsu ya sa su gudu cikin zafi, kwana uku ya rasu. A Disamban 2012, kyaftin ɗin ƙwallon kwando na wata sakandare a Osaka ta Japan ya kashe kansa bayan marin da kocinsa ya riƙa sharara masa. A Taiwan, a 2021, an yi ta maka ɗan shekara 7 da ƙasa a ajin judo, ya suma, bai sake farfaɗowa ba. Zufa ce ke sanyaya jiki. In babu ruwa, zafin jiki na iya haura digiri 40, kuma gajiyar da ta wuce kima tana lalata tsoka, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta taɓu.

Na san amsar da za a ba ni: mu ma haka aka yi mana, ga mu nan. To, waɗanda suka jure ne ke nan suna ba da labari. Waɗanda suka rataye takalmi tun suna 13 ba mai ƙirga su. Mu iyaye ma da namu laifin, ni kaina na sha tsayawa a bakin fili ina cewa, "Koci, matsa masa!"

Na dai je wurin kocin, duk da roƙon yaron. Ya karɓe ni da fara'a, kuma na yarda yana son yaran, lokacinsa yake ba su. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na tambaye shi, ƙwallo biyu cikin ukun nan daga bugun kusurwa suka shiga, minti nawa aka ɗauka ranar ana nuna wa yaron lokacin da zai fito ya kama ƙwallo a sama? Ya yi shiru, ya ce za a duba.

Malam Edita, ku tura wakilinku na wasanni filayen atisayen yara, ranar da ta biyo bayan shan kashi, ba ranar karɓar kofi ba. Ya fara duba inda jarkar ruwa take.

Naku,
Wani uba mai karanta jaridarku