Ku tambayi baƙonku: ina za a sa keken?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ba zan ɓoye maka ba, tun daren Talata da na saurari shirinku na rediyo kan ilimin yara raina a ɓace yake. Sau tara ina buga layin nan naku ana ce mini ana amfani da shi. Da na samu ya shiga sai aka ajiye ni ina jin kiɗa har katina ya ƙare. Shi ya sa na ɗauko biro.

Baƙonku ya faɗa, ya kuma maimaita, cewa motar makaranta ta kowa ce, wai ba a taɓa hana wani yaro shiga ba saboda lalurar da ke jikinsa. Mai gabatar da shirin ya yi masa madalla ya wuce zuwa wata maganar. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma, 'yata na gefena tana aikin gida, sai na ga ta ɗago kai ta kalli rediyon, ta kalle ni, ta mayar da kanta kan littafi. Ba ta ce komai ba. Tambaya ɗaya ce tak ya kamata a yi wa mutumin nan, ba a yi ba: idan yaron ya shiga, ina ake sa kekensa na guragu?

'Yar fari ce, don haka ba zan kama sunanta ba. Shekararta 14, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Shan inna ya kama ta tun ba ta cika shekara biyu ba, ya tafi da ƙafafun duka biyun. A watan Agustan 2020 da aka yi shelar an raba Afirka da wannan cuta mun yi wa Allah godiya kamar kowa, har mahaifiyarta ta yi kuka. Sai dai waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan ba su je ko'ina ba, kuma na ƙarshe-ƙarshensu su ne yanzu suka kai shekarun sakandare. Kekenta irin na guragu ne mai taya uku, wanda ake murzawa da hannu. Ba ya naɗewa, ba ya lanƙwashewa, shi ne ƙafarta.

Ranar farko da aka ce motar za ta fara biyowa ta wajenmu, yarinyar nan ko barcin kirki ba ta yi ba. Da kanta ta goge hijabinta. Gidanmu a cikin lungu yake, sai da muka yi kusan minti goma kafin mu fito titi, tana murzawa ina kama mata a wurin kwata. Mota ta zo. Matakala uku ce a ƙofar, ta farkon ta kai mini gwiwa. Yaron motar ya dubi keken, ya dube ni, ya ce, "Baba, ita dai ta shigo, amma wannan babu wurinsa." Na ce a ɗora a sama, ya ce babu kariyar ɗora kaya. Na ce ta baya fa, ya ce ba a buɗewa. Direba yana ta danna hon. Sai ta sauko daga keken da kanta, ta zura silifa a hannuwanta, ta hau matakalar nan da rarrafe, 'yan mata cike da mota suna kallo. Wata ma ta taka mata yatsu, ba da gangan ba. Mota ta tashi. Na tsaya a bakin titi riƙe da keke babu kowa a kai, na turo shi gida, mutanen lungu suna tare ni suna tambaya ko lafiya, ina yarinyar.

To a lissafin baƙonku, ba a hana ta shiga ba. Gaskiyarsa, ba a hana ta ba.

Amma ya san abin da ke faruwa bayan an sauke ta a ƙofar makaranta? Daga ƙofar zuwa ajinsu fili ne mai faɗi, ƙasa da tsakuwa. Wata rana ƙawayenta biyu su tallabe ta, wata rana sun riga sun shige don gudun bulalar makara, sai ta ja jiki. Kayan makarantar da ta goge da daddare kafin ƙarfe takwas sun koma kamar an yi shara da su. Idan ta samu ta hau benci, nan za ta zauna har a tashi. Ba ta fita tara, ba ta zuwa ɗakin gwaje-gwaje, ba ta zuwa banɗaki. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai, domin ban sani ba sai daga baya. Ashe yarinyar nan ta daina shan ruwa tun daga asuba, ko koko ba ta yarda ta kurɓa, don kada fitsari ya matse ta a makaranta. Wa zai yi rarrafe a banɗakin da ɗaruruwan yara ke shiga? Sai da ta kwanta da zazzaɓi da ciwon mara muka kai ta asibiti, malamar asibiti ta tsare ta da tambaya, sannan ta faɗa. Ni ubanta ina tsaye a wurin, kunya ta rufe ni.

Wani zai ce ai sai a riƙa ɗaukarta. Da tana shekara bakwai a wuyana nake kai ta firamare, babu wanda ya ji bakina. Yanzu budurwa ce. Ta yaya zan yarda ƙaton namiji ya rungume ta ya shigar da ita mota kullum safe da rana? Ita ma ba za ta yarda ba. Mahaifiyarta ta gwada, bayanta ya ƙi. Mako uku muka yi a haka, ranar wata Lahadi da daddare ta ce mini, "Baba, gara in zauna in riƙa taya Umma tuyar awara." Yarinyar da ba ta taɓa wuce ta biyar a ajinsu ba.

Sai na koma ga 'yan adaidaita sahu, tunda acaɓa an hana shi a Kano tun Janairun 2013, kuma ko da yana nan ba zai ɗauki keke ba. Dole shata za ka ɗauka, a ɗaure keken a sama da igiya. Da yawansu da sun hango keken sai su ƙara wuta, wai yana yaga musu tamfol. Wanda Allah ya haɗa mu da shi mutumin kirki ne, amma shi ma mai yake saya, kuma kowa ya san abin da ya faru da kuɗin mai tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi. Naira 1,500 zuwa, 1,500 dawowa. A kwana ashirin na makaranta naira 60,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, ni kuwa ko albashin ba ni da shi, tela ne ni, sai Sallah ta ƙarato nake ganin haske. Ga ƙannenta huɗu. Don haka yanzu kwana uku take zuwa a mako. Ita ta zaɓi ranakun da kanta, ranakun da ake lissafi da kimiyya. A ƙarshen zangon da ya wuce malaminsu ya rubuta a takardar sakamakonta cewa tana da ƙoƙari amma ba ta son zuwa makaranta. Takardar tana nan na ajiye ta a cikin Alƙur'ani, duk ranar da kuke so ku gani.

Kada ka ce ban bi hanya ba. Na je wurin shugabar makarantar, ta tausaya mini ƙwarai, ta ce motar ba su suka saya ba, kawo musu aka yi. Na je inda ta tura ni, aka ce in rubuto. Na rubuta. Na koma aka ce ba a ga takardar ba, na sake rubutawa. Yanzu duk zuwan da na yi amsa ɗaya ce, ana dubawa. Direban ma ban ga laifinsa sosai ba, sawu biyu aka ɗora masa kafin ƙarfe takwas, idan ya makara shi za a tuhuma. Laifin yana wurin wanda ya zauna a ofis ya zaɓi motar, ya ƙirga kujeru, bai tuna akwai yaran da ba sa tafiya da ƙafa ba.

Abin da ya ƙara tunzura ni, baƙon naku da bakinsa ya ambaci dokar hana nuna wa nakasassu wariya, yana yabon ta kamar shi ya rubuta. Ni ma an karanta mini ita a taron iyaye. Dokar 2018 ce, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Ta ce ilimin mai nakasa kyauta ne har sakandare. Ta ce motocin sufuri na gwamnati su tanadi abin hawa da sauka don masu keke. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine da ababen hawa, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Har tara ta yanka wa mai nuna wariya, naira 100,000 ko wata shida a gidan yari ga mutum ɗaya, miliyan ɗaya ga kamfani. An kafa hukumar nakasassu ta ƙasa a 2020. Duk wannan yana kan takarda, matakalar kuma tana nan da tsayinta. Ilimin da zan biya 60,000 a wata kafin 'yata ta isa ƙofarsa, ta ina ya zama kyauta?

Da wani mai kira ya ɗan taɓo maganar, sai baƙon ya yi dariya ya ce nan ba Amurka ba ce. Mun sani. Can tun 1975 dokarsu ta lissafa kai yaro mai nakasa makaranta a cikin haƙƙin karatunsa, kuma cikin motocinsu masu ruwan ɗorawa akwai masu injin da ke ɗaga keke da yaron a kai, a ɗaure keken da bel a ƙasan motar. Ni ban roƙi inji ba. A cire kujeru biyu na kusa da ƙofa. A samo faffaɗan ƙarfe ko katako mai ƙwari da za a riƙa jinginawa a ƙofar a tura keke a kai. A sa ƙugiya da bel. A ɗauki mace ɗaya ta riƙa bin motar 'yan mata. Idan duk wannan ya yi yawa, to a yi wa motar kariya a sama, mu za mu ɗora, mu za mu sauke. Masu ƙera mana kekunan nan a Kano guragu ne 'yan uwan 'yata, suna zaune a ƙasa suna walda daga safe har yamma. A kai musu motar ranar Asabar a ga ko za ta kai Litinin ba su gama ba. Na tambayi wanda ya yi mana namu, ya ce aikin bai kai a kira shi aiki ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Akwai yaro makaho a layin bayanmu, mahaifinsa ya cire shi daga bin motar makarantarsu, don ba ta tsayawa cak, tana ɗan gangarawa ake tsalle a shiga.

Kuma don Allah a rage yi mana ado da suna. Cikin awa ɗaya baƙonku ya ce "masu buƙata ta musamman" ya fi sau ashirin, har yana gyara wa wani mai kira da ya ce guragu. Ni a kira 'yata gurguwa a ɗauki kekenta ya fi mini a kira ta mai buƙata ta musamman a bar shi a bakin titi. Sannan ya rufe da nasiha, wai nakasassu su daina bara su rungumi ilimi. Su rungume shi ta ina? Waɗanda yake gani a bakin danja suna miƙa hannu, ya taɓa tsayawa ya tambayi ɗaya daga cikinsu a aji nawa ya tsaya, kuma me ya tsayar da shi? Ni ina ganin hanyar da ke kai yaro can, don a kanta nake tsaye kullum da safe, ina ja da baya da iya ƙarfina.

Tunda na riga na ɗauki biro, bari in faɗi wata da ta daɗe tana damuna. Tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shirin nan ya wuce gona da iri. Mutum yana zaune da iyalinsa bayan sallar isha, ana maganar ilimin yara, kwatsam sai wani ya ɓarke da bayanin ƙarfin maza da abin da baki ba zai iya maimaitawa ba. Ranar Talatar nan ma sai da na yi wuf na rage murya, 'ya'yana suna sunkuyar da kai. Mun san da talla gidan rediyo ke rayuwa, amma ku mayar da irin wannan can tsakar dare, ko ku sa su tace bakinsu.

Buƙatata gare ku ita ce ku dawo da mutumin nan, ku buɗe layi na gaskiya, ba na mutum biyar ɗin nan da kullum su ke samun shiga suna gaishe-gaishe ba. In kuwa ba zai dawo ba, ku turo wakilinku da na'urarsa idan an koma hutu. Motar tana isowa bakin titinmu wajen bakwai saura kwata. Na yi magana da 'yata, ta ce ta yarda ta sake hawa matakalar sau ɗaya a gabansa, da sharaɗin ba za a ɗauki hotonta ba. Lambata tana bayan takardar nan.

Wassalam.

Naku mai sauraro kullum,
Wani uba, tela, daga Kano