A gaya wa masu raino yadda ake dama madarar gwangwani

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu.

Ƙanwata ta rasu kwana tara bayan haihuwa, Allah Ya jiƙanta, rainon jaririn ya dawo hannuna. Dole muka koma madarar gwangwani. Wata guda cur ina dama masa da ruwan filas mai ɗumi-ɗumi, idan ya rage in ajiye masa sai an jima. Sai da wata nas maƙwabciyarmu ta gani ta riƙe baki.

Ashe garin madarar nan, ko gwangwanin yana a rufe, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Akwai Salmonella mai sa zawo da zazzaɓi. Akwai Cronobacter, wadda ke jure zama cikin busasshen gari, ta shiga jinin jariri ko ta sa masa sanƙarau. Bakwaini da waɗanda ba su kai wata biyu ba su ne suka fi shiga haɗari.

Kada a ce sai jabun kaya. A 2017 jarirai sama da 30 suka kamu da Salmonella a Faransa ta madarar kamfanin Lactalis, har aka janye kayan a ƙasashe 83. A Fabrairun 2022 kamfanin Abbott ya janye madararsa daga masana'antarsa da ke garin Sturgis a Amurka bayan jarirai huɗu sun kamu da Cronobacter, biyu suka rasu. Can fa ke nan, inda ba a ɗauke wuta, balle mu da zafin bazara.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta da wuya. A wanke hannu, a tafasa fida da bakinta. A tafasa ruwa, a dama kafin zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 70, wato kada ya wuce minti 30 da saukewa. Sannan a sanyaya. Abin da ya kai awa biyu a ajiye, zubarwa za a yi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ciwo, ganin kuɗin gwangwani yanzu.

A asibiti kullum maganar nonon uwa zalla na wata shida ake yi, kuma gaskiya ce. To maraya fa? Mu masu riƙonsa ba wanda ya zaunar da mu. Don Allah ku samo likitan yara ya yi bayani da Hausa, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, kuma ta riƙa kai sanarwar janye kaya gidajen rediyo, don yawancinmu ba ma leƙa intanet.

Taku,
Wata mai raino daga Zariya