Ki ajiye kofin jiƙon nan tukuna

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Tun da muka ajiye waya maganarki ta tsaya mini a rai. Wata uku ba ki ga al'ada ba, kuma har kin fara shan jiƙon kirfa da hulba don ƙawarki ta ce su suka sauko mata da jini.

Fara yin gwajin ciki. Na san za ki ce kin tabbata babu komai. Ni ma haka na rantse, ashe cikinki ne da ni har na wata biyu. Hulba mai yawa ba ta dace da mai ƙaramin ciki ba.

Kada ki ɗauka raina magungunan gargajiya nake yi. Citta dai an gwada ta sau da dama, an ga garinta, giram ɗaya zuwa biyu a rana a kwanaki uku ko huɗun farko, yana rage ciwon mara. Amma ciwon mara daban, ɗaukewar jini daban. Kirfa ce aka ɗan taɓa a wannan fannin. A 2014 likitocin Jami'ar Kolumbiya ta Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mata 45 masu larurar PCOS, wato rikicewar sinadaran jikin mace da ke hargitsa al'ada: wasu suna shan giram 1.5 kullum har wata shida, wasu maganin bogi. Masu shan kirfar sun fi ganin al'ada. Sai dai mata 17 kacal suka kai ƙarshen gwajin, kin ga ba abin da za a kafa hujja da shi ba ne. Ga shi kirfar da ta fi yawa a hannun mutane tana da sinadarin kumarin, wanda ke wahalar da hanta idan aka daɗe ana ɗirka.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ki san dalili ba. Damuwa tana tsayar da jini, haka rama ko ƙiba ta farat ɗaya, haka PCOS ɗin. Ni da na shekara ina tafashe-tafashe, ga kasala, ga jin sanyi ko ana rana, ashe halittar tayirod da ke maƙogwarona ce ta yi rauni. Awon jini ɗaya ya nuna, 'yar ƙwaya guda kowace safiya ta daidaita ni.

Ki rubuta ranar da kika ga jinin ƙarshe da duk abin da kika sha, ki kai wa likitar mata cikin makon nan. Kada kunya ta sa ki ɓoye mata maganar jiƙon. Kina fitowa ki kira ni, ko da ina barci.

Allah ya ba ki lafiya, ya yi miki albarka.

Ummanki