Ambaliya a Sudan: iyakar gayya da aikin hukuma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida don in tofa albarkacin bakina a kan gardamar da ake yi kowace damina a zaurukanmu na nan Sudan, daga Mai Wurno zuwa Gadarif har Kasala. Da zarar watan Agusta ya kama, wasu za su ce gwamnati ba ta tsinana komai, talaka ne ke ceton kansa da shebur da buhu. Wasu kuma su ce aikin gayya, wanda Larabawan ƙasar nan ke kira nafir, wasan yara ne a gaban ruwa. Masu gardamar suna mantawa da cewa ruwan da ke cinye mu iri biyu ne, kuma kowanne da mai iya masa.

Akwai cikar kogi, wato faidan. Ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Habasha ne ke gangarowa ta Shuɗin Nilu, a auna shi a tashar Daim da ke bakin iyaka, ya ratsa madatsar Rusairis da ta Sinnar, ya ɗauki kwanaki kafin ya isa Hartum. Wannan ruwa yana sallama kafin ya shigo. Akwai kuma sail, ruwan kwari, wanda ke tasowa cikin 'yan sa'o'i bayan ruwan sama mai ƙarfi, ya biyo tsohuwar hanyarsa ko da an gina unguwa a kanta. Shi ba ya sallama.

A kan cikar kogi, babu wanda ya kai mutanen tsibirin Tuti da ke Hartum ƙwarewa. Tun ambaliyar 1946, lokacin Turawa, suka tsaya a tsibirinsu suka tare ruwa da tsarin da suke kira taya. An raba gaɓar tsibirin gida-gida, kowane yanki da rumfar tsaronsa da mazajen da ke kwana a ciki bi da bi, suna zagaya ganuwa dare da rana. In wuri ya fara yoyo sai a buga ganga ko a busa usur ko a yi shela a masallaci, kowa ya san inda zai nufa da abin da zai ɗauko. Mata na dafa abinci da shayi suna aikawa bakin ganuwa. Ƙarfin tsarin yana cikin cewa an raba aikin tun kafin ruwa ya zo, kuma mai tsaron wuri ya san ramin ɓera da gidan gara da tsagewar ƙasa da ke yankinsa kamar yadda ya san tsakar gidansa. Injiniyan da aka turo daga ma'aikata ba zai taɓa sanin wannan ba.

Amma aikin buhu yana da ƙa'ida, kuma mafi yawan ganuwar da ke karyewa a unguwanninmu rashin bin ƙa'idar ne ke karya ta. Kuskure na farko shi ne cika buhu fam a ɗaure bakinsa. Buhun da aka cika ya zama kamar kabewa, ba ya kwanciya a kan ɗan'uwansa, ruwa ya bi ta tsakani. Rabi ake zubawa, iyaka kashi biyu cikin uku, nauyin kilo 15 zuwa 20, a naɗe bakin a ƙarƙashinsa, a taka shi da ƙafa har ya baje. Ana jera su kamar jerin bulo, na sama ya rufe haɗin na ƙasa. Kafin a aza sahun farko sai an share ciyawa da shara, a tona ɗan rami mai zurfin buhu ɗaya a binne sahun a ciki, don kada ruwa ya bi ta ƙasa ko ya ture ganuwar ɗungurungum. Faɗin gindi kuma ya ninka tsayi sau biyu zuwa uku. In akwai leda mai kauri ko tamfol, a shimfiɗa ta ɓangaren ruwa a danne da buhuna sama da ƙasa.

Lissafin nan ne ke nuna inda ƙarfin gayya ya ƙare. Ganuwa mai tsawon mita 30 da tsayin santimita 30 tana cin buhu wajen 600. In za a kai ta santimita 60, buhu wajen 2,000. In ta doshi mita guda, ana maganar buhu 4,000, wato ƙasa tan 70 ko fiye, duk don mita 30 kacal. Unguwar da ke da kilomita biyu na gaɓa ba za ta ɗebo wannan a amalanken jaki ba. Sai tifa da loda da man da za su sha. Idan babu su, sai matasa su fara tonon ƙasa daga gindin ganuwar da suke ginawa saboda ita ce kusa, wanda kuwa shi ne yanke reshen da mutum ke zaune a kai. Ƙasar cikawa daga nesa ake kawo ta.

Wani abu da ya kamata kowane mai tsaron dare ya sani: in ka ga ruwa na ɓulɓulowa daga ƙasa a bayan ganuwa, dubi launinsa. Ruwa garau tsatsafa ne kawai, a sa masa ido. Ruwa mai laka yana nufin yana kwashe cikin ganuwar ta ƙasa. Kada a toshe bakin ramin, domin zai ɓullo ta wani wuri da ƙarfi. A kewaye shi da zoben buhuna har ruwan ciki ya taru ya yi nauyi, ya daina fitar da laka.

A shekarar 2020 Shuɗin Nilu ya kai mita 17.67 a ma'aunin Hartum, alhali mita 16.5 ake ɗauka a matsayin haddin ambaliya. Ya wuce na 1946 da na 1988. Sama da mutum 100 suka rasu, gidaje fiye da 100,000 suka rushe ko suka lalace, gwamnatin riƙon ƙwarya ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku a farkon Satumba. A yi adalci: a wancan lokacin kwamitin ambaliya na ma'aikatar ban ruwa yana fitar da ma'aunin kogi kullum, kuma wannan aiki ne da babu wata unguwa da za ta iya yi wa kanta. Matsalar ita ce yadda labarin ke isowa. A ce wa manomin bakin kogi a Mai Wurno ruwa ya kai mita kaza a Daim, me zai yi da wannan? Abin da yake so ya ji shi ne: nan da kwana nawa, kuma zai kai ina a jikin wancan bishiyar. Maganin ba tsada. A kafa sanda mai fenti a bakin ruwan kowane gari, kore da rawaya da ja, a daidaita ta da ma'aunin hukuma, sanarwar kuma ta bi ta rediyo da masallatai da WhatsApp cikin harsunan da mutane ke ji, har da Hausa da Fulatanci. Haka ma idan za a buɗe ƙofofin madatsa, na ƙasa su ji kafin ruwa ya faɗa musu da kansa.

Ruwan kwari kuwa ba a tare shi da buhu. A daren 4 ga Agusta 1988 ruwan sama sama da milimita 200 ya sauka a Hartum. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ke nan, don haka fili mai murabba'in mita 400 ya karɓi lita 80,000, duro 400, a dare ɗaya. Wannan ruwa hanya yake nema. Idan an rarraba filaye a cikin kwari, an ɗaga titi ba kwalbati, an mai da magudana juji, to ɗakunan mutane ne hanyarsa. Abin da ya faru a Sharƙan Nil, gabashin Hartum, da gefen Umdurman a 2013 ke nan. A lokacin ne matasa suka kafa ƙungiyar da suka raɗa wa suna Nafir, suka buɗe layukan waya, suka yi amfani da Facebook wajen tara bayanin inda ake da buƙata, suka kai abinci da tamfol da ruwan sha wuraren da motar hukuma ba ta leƙa ba, ita kuwa hukumar wancan lokacin tana kallonsu da idon zargi. Sun yi abin a yaba. Sai dai duk ƙoƙarinsu bayan aukuwar abu ne. Ba su da ikon hana sayar da fili a bakin kwari, kuma wanda ke da ikon shi ne ya sa hannu a takardar.

A nan ma gayya tana da nata laifin, kuma gara a faɗe shi. Unguwa ta ga ruwa ya taso, sai ta tara ƙasa ta karkatar da shi, ko ta fasa titi ko gaɓar tur'a, wato hanyar ruwan noman rani, cikin dare don ya wuce. Ya wuce ɗin, amma zuwa gidan wa? Zuwa unguwar da ta fi gangare, wadda galibi ita ce ta marasa ƙarfi. A Jazira, lokacin da ruwa ya mamaye Managil da ƙauyukanta a Agusta 2022, magudanan babban gandun noman rani na jihar sun riga sun cike da laka da ciyawa. A irin wannan hali kambo-kambon ma'aikatan gona, inda 'yan'uwanmu da yawa ke zaune a bakin tur'a cikin ɗakunan laka ba takardar fili, su ne ke fara shan ruwa, su ne kuma ke zuwa ƙarshe a rajistar diyya, domin rajista takarda take tambaya. Yanke hukuncin inda za a saki ruwa aiki ne na wanda ke ganin taswirar yankin gaba ɗaya, kuma ya yanke shi tun da rani a gaban shugabannin unguwanni.

Kasala misali ce ta aikin da ya fi ƙarfin jama'a tun asali. Kogin Gash da ya ratsa garin yana tasowa daga Iritiriya, yana gudu wata uku kawai a shekara, amma yana ɗauko laka mai yawa yana zubewa, har gadonsa ya riƙa tashi shekara bayan shekara. A 2003 ya fasa ya ci babban ɓangare na garin. Yasar gadonsa da gyaran ganuwa da ƙahonnin dutse da ke mai da shi tsakiya aikin manyan injuna ne, kuma lokacinsa daga Nuwamba zuwa Mayu ne, sa'ad da kogin yake busasshen yashi. Kuɗin da aka saki a Yuli ihu ne bayan hari. Haka batun madatsu. Ta Bout a jihar Shuɗin Nilu ta karye a ƙarshen Yuli 2020 ta rushe ɗaruruwan gidaje. Ta Arba'at, wadda Bur Sudan ke shan ruwanta, ta karye a ƙarshen Agusta 2024 ta share ƙauyuka. Madatsar ƙasa tana buƙatar a kwashe lakar da ta cike ta, a tabbatar mafitar rarar ruwa a buɗe take, a duba tsagewa kafin damina. Wane mai unguwa ne zai yi wannan?

Masu 'yan'uwa a Jidda sun san abin da hukuma ke iyawa in ta tashi. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta kashe mutum fiye da 120, mafi yawa a unguwannin gabashin birnin da aka gina a bakin kwari irin su Ƙuwaiza. Sarki Abdullah ya sa a yi bincike, aka kuma gina madatsu da manyan magudanai bayan ruwa ya sake ɓarna a 2011. A Nuwamba 2022 milimita 179 ya sauka cikin sa'o'i shida, ya fi na 2009, tituna suka cika, motoci suka yi iyo, amma mutum biyu aka ba da rahoton sun rasu. An rufe makarantu tun kafin ruwan ya sauka. Aljihun Sudan ba na Saudiyya ba ne, amma rufe makaranta da hana gini a kwari ba sa cin riyal ko ɗaya.

Abin da ya rage a hannun maigida shi ne gindin bangonsa. Ginin jalus, wato na laka, daga ƙasa yake mutuwa: ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu, laka ta jiƙe, nauyin sama ya danne ta. A ɗaga tushe da jan bulo ko dutse aƙalla rabin mita, a yi dakali mai gangara waje, a tsawaita indararo don kada ya zuba a jikin bango, a sabunta yaɓe kafin ruwan farko. Daren da ruwa ya yi yawa, iyali su kwana a fili, nesa da bango fiye da tsayinsa, a kashe wutar gida daga mita. Ruwa mai gudu da ya kai idon sawu zuwa ƙwauri yana iya kayar da babba, wanda ya kai gwiwa kuwa yana tafiya da mota.

Bayan ruwa ya janye ne kashi na biyu na mace-macen ke farawa. Masai ya cika ya haɗu da rijiya, kwalara ta biyo baya, kamar yadda aka gani a Kasala da Gadarif a damina ta 2024. Sauro kuma cikin kwana goma zuwa mako biyu ya ƙyanƙyashe a kududdufai. Jama'a na iya tafasa ruwa, su sa ƙwayar kulorin su jira minti 30 kafin sha, su haɗa ruwan gishiri da sukari (lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri) su ba mai zawo a kan hanyar asibiti. Amma kulorin ɗin, da allurar rigakafi, da feshi, da injin zuƙe ruwa, daga sama suke zuwa.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya raunana gayya da hukuma duka. Ma'aikatu sun watse, injuna sun salwanta, mutanen da suka san ganuwarsu, har da na Tuti, sun yi gudun hijira, 'yan gudun hijira kuma sun sauka a filayen da 'yan gari suka san na ruwa ne. Ɗakunan agajin gaggawa da takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, na unguwanni su ne suka riƙe mutane da abinci. Roƙona ga mahukuntan jihohin Sinnar da Gadarif da Kasala da Jazira shi ne su zauna da waɗannan kwamitoci tun watan Mayu, a ba kowace unguwar bakin ruwa buhunanta da tulin ƙasarta da lambar direban loda da za a kira, a kuma rubuta sunayen mazauna kambo da na sansanoni a rajista ko suna da takardar fili ko ba su da ita.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Gadarif, Sudan